Hamma Buba Bai Taɓa Ce wa Kowa Ya Dawo Gobe Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, Barista Buba, wanda mu a gida Hamma kawai muke ce masa. Bai kai arba'in ba. Ba bam ne ya kashe shi ba, ko da yake a lokacin duk wanda ya ji ƙara a Gombe sai ya hau kiran 'yan gidansu a waya. Faɗuwa ya yi a barandar kotu da baƙar rigarsa a jiki. Likita ya ce jininsa ne ya hau.

A shekarun ne mata suka fara cika ƙofar gidansa a Bagadaza. Wasu 'yan gudun hijira ne daga Borno da Yobe, wasu na nan cikin gari. An yi kame, an haɗa da mazansu ko 'ya'yansu, ba su ma san inda aka kai su ba. Ofis yana da lokacin tashi, amma zauren Hamma ba shi da shi. Ga shi kuma da fulako irin na gidanmu: ba ya cin abinci a gaban baƙo, ba ya cewa ya gaji. To baƙin ba sa yankewa, yaushe zai ci? Adda Jummai, matarsa, za ta kai tuwo ƙofar zaure, ta koma ta ɗauko abinta da sanyinsa. Bayan rasuwarsa muka buɗe gwangwanin da yake ajiye hular gashin nan ta lauyoyi, muka tarar da maganin hawan jini a ciki, ko ɓare shi bai yi ba.

Mu ma da laifinmu. Yabonsa muke yi. Ni da bakina na sha cewa, "Hamma ai ƙarfe ne."

Abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne maigidana, Baban Hanifa. A hannun Hamma ya koyi aikin, shi ya gaji fayil-fayil ɗinsa, ya gaji matan zaure, har yadda yake murza goshi in kansa na ciwo ya gada. 'Yarmu ta fara tafiya yana hanyar wata kotu, a waya na gaya masa. Ni ban yi boko mai nisa ba, ban san abin da ke cikin takardunsu ba, amma na san idon mutum in ya fara faɗawa. Na taɓa gani.

Watan jiya likita ya ce lallai ya kwanta kwana uku. Rana ta biyu da hantsi aka yi sallama. Wata dattijuwa ce, ta zo tun daga Arawa a ƙafa, da hoton ɗanta a leda. Na fita na tsaya a bakin ƙofa, na ce Barista ba shi da lafiya, ta dawo jibi.

Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, da Barista Buba na raye, wallahi da bai kore ni ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Inna. Ga shi kuma ba ya raye."

Ta gyara mayafinta ta juya. Na koma ciki. Da maigida ya ji, yini guda bai yi min magana ba.

Ina yawan tambayar kaina me Hamma zai ce da ya ga ƙanwarsa ta tare ƙofa. Ina jin kunya ce za ta kama shi. Zai ce, "Ke Dija, haka aka rene mu?" Ni kuwa sai dai in nuna masa 'ya'yansa uku, waɗanda ƙaramarsu a hoto ta san shi.

Alherinsa yana nan, ba na musu. Har yau akwai mazan da ke tsayar da ni a kasuwa su ce shi ya fito da su. Amma matan da ya bari ba a gama shari'arsu ba sun fi waɗanda ya gama wa yawa, kuma da ya ci, ya sha magani, ya yi barci, wataƙila da yanzu yana tsaye musu. Allah Ya jiƙan Hamma. Na ɗauki komai nasa na riƙe, ban da wannan. Dattijuwar ba ta dawo ba, kuma na san in likita ya sake cewa a kwanta, ni ce zan sake tsayawa a ƙofar.