Ranar da Aka Tattauna Littafin Felicita

Felicita Kanashiro ba ta ƙaunar labarin dodanni ko kaɗan. Ni ce shaida, don shagona na kayan rubutu da fotokwafi yana ƙasan ɗakinta a unguwar Breña, kuma ni na riƙe 'yarta Rocío a coci ranar baftisma, shi ya sa har yau comadre muke ce wa juna, Rocío kuma madrina take ce mini. Amma shekara uku ta yi tana shan waɗannan littattafai kamar maganin tari, ta yamutsa fuska ta haɗiye ta buɗe shafi na gaba. Matsafa masu dogon gemu, takubba masu suna, sarakunan da sai ka haddace danginsu kafin ka gane wa ya kashe wa. Duk ta karanta har bango, da tabaron da ta ɗaure wa ƙafa da zare.

Abu ɗaya ne ya kai ta ƙungiyar karatu ta ranar Asabar. Rocío ce shugaba.

Lokacin da ƙasar nan tamu ta Peru ta rikice, farashin safe daban na azahar daban, duk mai kaka ɗan Japan ya nemi takardu ya tafi can aiki. Felicita tana da shi ta wajen uba. Miji ya riga ya yi nasa wuri. Ta bar Rocío tana da shekara huɗu a hannun kakarta, ta ce shekara biyu za ta yi. Goma sha huɗu ta yi, a tsaye a masana'anta tana jera shinkafa da kifi cikin 'yan akwatunan abinci, sanyi yana cin yatsunta. Can su ce mata 'yar Peru, nan mu ce mata 'yar China, yadda muke ce wa duk mai irin idonta. Da ta dawo ta tarar da budurwa mai kiran kaka Mama, ita kuwa señora, kamar wata baƙuwar mace. Rocío ta yi karatu, ta zama malamar makaranta, ta kama gidanta. Ba ta zagi, ba ta gaba. Gaisuwa ce kawai take yi wa uwarta irin ta maƙwabta, kuma ni wannan ta fi zagi ci mini rai.

Muna haɗuwa a saman gidan burodin Don Nemesio. Doka biyu Rocío ta kafa. Kowane wata mutum ɗaya ke zaɓar littafi, kowa ya karanta har ƙarshe, ko yana so ko ba ya so. Wanda ya zaɓa kuma shi ke ciyar da jama'a ranar tattaunawa. Duk sanda layi ya zo kan Felicita sai ta ce a wuce, ita ba ta san littattafai ba. A wannan karon ta buɗe jaka ta fito da manga, littafin zanen nan na Japan, guda ɗaya mai kauri, fassarar Sifaniyanci.

A ƙungiyarmu manga ba ya hawa tebur. Matasa na ba juna sunayensa, amma sai an tashi, a kan matakala, ƙasa-ƙasa. Dalili kuwa Profesor Wilfredo, tsohon malamin tarihi wanda ya riga ya ɗora mana juzu'i biyar na littafin dodanni ba ko kunya.

"Zane, Doña Felicita?" ya ce. "Ko jikana ne ya aiko ki?"

Aka yi dariya. Rocío ta ce doka doka ce, layin señora ne.

Labarin wata mai wankau ne da aljanun teku suka ɗauka aiki. Ya fara da ita tana barin 'yarta ƙarama a bakin ƙofa. Ta yi shekaru a ƙarƙashin ruwa tana wanke tufafin da ba sa ƙarewa, ta dawo da furfura, yarinya ta ƙi ta, ana ta fama, har a shafin ƙarshe 'yar ta kwantar da kai a cinyarta. Ko jaki ya san abin da ya sa Felicita ta zaɓe shi. Ni na yi wa kowa kwafi a shagona. Irin wannan littafi ta dama ake buɗe shi, inda mu muke ɗauka baya ne, don haka na ɗinke ta dama, na zana ƙatuwar kibiya da jan biro, na kuma faɗa wa kowa da bakina.

Tun Juma'a Felicita take feren dankali. Ta yi causa, wato dakakken dankali mai lemon tsami da barkono, ta yi miyar kaza, ta dafa ruwan jar masara da abarba. Na taya ta hawa da tukwane.

Sai da aka cinye tas sannan Profesor ya gyara murya.

"To, ba laifi. Mai zanen yana da dabara. Ya fara da uwa da 'ya suna cikin daɗi, kai a cinya, daga nan ya bar mai karatu ya yi tunani."

Kawuna suka dinga gyaɗawa. Wata ta ce ita ma farkon ya burge ta. Wani ya ce tsakiyar ce ta ɗan rikita shi. Na ji jini ya hau mini kai. Ta hagu suka buɗe, yadda suka saba, suka leƙa shafi biyu uku a cikin bas, suka zo cin abinci. Matar da ta karance musu duk tarkacen dodanninsu, littafi ɗaya na zane sun kasa ba ta yamma ɗaya. Na dubi Felicita. Ba ta ma jin su, Rocío take kallo.

Rocío ta ajiye kofi.

"Ni na karanta duka," ta ce. "Kuma ban taɓa ganin littafi mai gaskiya kamarsa ba a ƙungiyar nan. Da farko uwa tana nan. Daga baya ta zama baƙuwa, daga baya ruwa ya cinye ta. A ƙarshe yarinya tana tsaye a bakin ƙofa, uwa ta juya baya. Shi ke nan. Haka yake ƙarewa."

A nan na kasa daurewa. Na miƙe har kujera ta faɗi.

"Ke Rocío, waɗannan na san ciki ne ya kawo su. Amma ke? Malama guda? Ba ki ga kibiyar ba, ko ita ma sai an fassara miki? Ta baya kika karanta. Matar dawowa ta yi. Dawowa ta yi, kina ji?"

Profesor ya soma cewa a yi haƙuri, na ce ya goge miyar da ke gemunsa tukun.

Rocío ba ta ɗaga murya ba.

"Madrina, zauna. Na san ta inda ake buɗe manga tun ina 'yar firamare. Duk Kirsimeti kwali yake zuwa daga Japan cike da su, babu kalma ɗaya da nake iya karantawa. A ƙarƙashin gado na koyi bin zanen. Ba kuskure na yi ba. Na karanta shi yadda ya same ni."

 Ta buɗe jakarta ta ce wata mai zuwa layin Profesor ne, ya kawo juzu'i na shida. Aka watse, kowa yana sunkuyar da kai yana neman hularsa.

Na so in bi ta har titi. Na so in ce mata uwar nan ba yawon shan iska ta je ba, in nuna mata yatsun da har yau ba sa miƙewa. Felicita ta riƙe mini riga. Muka tattara tukwane mu biyu, ina ta masifa ni kaɗai, na zagi Profesor, na zagi dodanninsa, na zagi 'yar da na riƙe a coci da hannuna.

A tsakiyar matakala ta tsaya, tukunya a ƙugu. Na ɗauka kuka za ta yi, na ma shirya. Sai na ga fuskarta ta saki, abin da ya ƙara ƙona mini rai.

"Comadre," ta ce, "kin ji abin da ta faɗa? Ban taɓa samun amsa ba, na ɗauka kakarta zubar da kwalayen da nake aikowa take yi. Ashe suna isa hannunta."