Ranar da Na Ce Kowa Ya Zo da Kanwa

Na daɗe ina koyarwa, kuma ranaku da yawa sun shige mini duhu, amma akwai wata Juma'a da har abada ba za ta fita raina ba. Ko daga barci aka tashe ni, zan ba da labarinta ba tare da na yi tuntuɓe ba.

A lokacin ina riƙe da aji huɗu a wata ƙaramar firamare a Unguwar Boro, cikin Kaduna. Ajin nawa gamin gambiza ne: 'ya'yan mutanen Filato, Binuwai, Nasarawa da Kudancin Kaduna. A gida kowa da yarensa, a filin wasa Turancin broka suke zubawa, Hausar kuwa ta aike da kasuwa ce. Darasin da na fi so shi ne na zane, wanda muke yi da safiyar Juma'a, ko da yake ba mu da fenti ko na magani.

Wata rana Madam, shugabar makarantar, ta kira ni ofis. Mace ce da ba ta ɓoye-ɓoye.

"Iyaye suna kuka da lissafi," in ji ta. "Zan ɗauke lokacin zanen nan in ba lissafi. Kullum gida da bishiya da fensir, me yara suke ƙaruwa da shi?"

Na roƙe ta ta shigo ajin sau ɗaya kafin ta yanke hukunci. Ta ce to, ranar Juma'a za ta zo, in ba ta ga abin kirki ba, magana ta ƙare. Na fito ban san abin da zan nuna mata ba.

A kicin na samu mafita. Ina tace zoɓo, sai cokalin da na dama kanwar wake da shi ya faɗa cikin kwanon. Nan take jan zoɓon ya rikiɗe ya koma wani shuɗi mai ratsin kore. Na yago takarda na shafa zoɓo, na ɗiga ruwan kanwa, haka aka sake yi. Na gwada da kurkur, rawaya ta koma ja. Wallahi ni kaɗai na dinga tsalle a kicin, har maƙwabciyata ta leƙo ta taga tana tambaya ko lafiya.

Ranar Alhamis, ana buga ƙararrawar tashi, na ɗaga murya cikin hayaniya na ce, "Gobe kowa ya zo da kanwa daga gida. Ƙarama ma ta isa."

Wata yarinya ta ce, "Anti, me za mu yi da ita?"

"Sirri ne. Ku dai tambayi mamarku, za ta ba ku."

Ni ina ganin na iya jan rai. Ban tuna cewa a kunnen yaran nan, kanwar miya da ƙanwar mutum kusan abu ɗaya ne ba.

Da safe na iso da jarkar zoɓo, ƙullin kurkur, da manyan kwalaye da na manna wa farar takarda. Tun daga bakin get na ga abin da ya tsayar da ni. Ɗalibaina ne ke shigowa, kusan kowa riƙe da hannun 'yar ƙaramar yarinya. An yi musu kitso, an shafe su da mai, an saka musu kayan coci har da safa mai leshi. Wata uwa ma ta rako tata, ta ce mini, "Anti, ga ta nan. Za a ba su shinkafa ne, ko in bar mata biskit?"

Wani yaro ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Anti, ni ba ni da ita, sai ƙane. Shi ne na aro ta maƙwabta. Kar ki rage mini maki."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Cikin ajin gaba ɗaya, yara kaɗan ne suka kawo kanwar da nake nufi, a ƙulle cikin leda, suna ta kallon sauran suna zaton su kansu ne suka yi kuskure.

Ban gama shimfiɗa takardu a ƙasa ba sai ga Madam. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban ajin: wannan tana kuka, waccan ta hau tebur, wata ta rungume kwanon zoɓo tana kurɓa. Ta ce, "Anti, yaushe muka buɗe ajin renon yara a nan?"

Na yi mata bayani a gurguje. Ba ta yi dariya ba, ta ja kujera ta zauna. A raina na ce shi ke nan, lissafi ya ci. Amma tunda an riga an zo, na sa manyan su shafe takarda guda da zoɓo, ni kuma na jiƙa kanwa a faranti, ina shirin tara su in nuna musu abin mamakin da buroshi, a tsanake, yadda na tsara.

Ban kai ga buroshin ba. 'Yar aron nan ta maƙwabta ta zame daga hannun yaron, ta dafa farantin da tafi biyu, sannan ta rarrafa ta dafa jar takardar. Da ta ɗaga hannu, sai ga shatin tafukanta a kan takardar, yana rikiɗa a gaban idon kowa daga ja zuwa shuɗi, daga shuɗi zuwa kore.

Sai yaron ya daka tsalle yana ihu, "Ƙanwata ce ta yi! Ƙanwata ce!" Ya manta aro ce.

Daga nan ba wanda ya jira umarnina. Kowa ya kamo hannun ƙanwarsa yana dangwalawa. Wata ta ce tafukan sun yi kama da ganye, sai ta ɗauko gawayi ta zana musu rassa. Wasu suka jera su a kwance suka ce kogin Kaduna ne, har da gada. Masu kurkur suka gano nasu yana komawa ja, suka yi rana tana faɗuwa. Tambaya kuwa ta ko'ina: me ya sa ya canza, in an ƙara kanwa fa, in an sa lemun tsami fa? Daɗi ya cika ni.

Ina waigawa na ga kujerar Madam ba kowa. Tana durƙushe a ƙasa, wata jaririya a cinyarta, tana matsa lemun tsamin da ta aika aka ɗauko daga ofishinta. Koren ya koma ja, ta ɗago ta dube ni baki buɗe. A kafaɗar farar rigarta akwai shatin ɗan ƙaramin tafi, ba ta ma sani ba.

Da za ta fita ta ce, "Juma'a taki ce. Amma don Allah, nan gaba in za ki aike su, ki ce kanwar miya."

Tun daga ranar na daina shiga darasin zane da tunanin komai sai ya tafi yadda na tsara. Na koyi cewa aikina shi ne in kawo kayan, in matsa gefe, in bar hannun yara ya yi aikinsa. Abin da na shirya da buroshi bai ceci darasina ba. Wadda ta cece shi 'yar aro ce, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa ba.