Sukundireba Ta Tafi Kano, Ni Ina Kulle a Ɗaki

Jama'a, a kulle nake rubuto muku wannan!

Hannun ƙofar ɗakinmu na titin Huanshi Lu a Guangzhou ya daɗe da karyewa ta ciki. Da sukundirebar mai gidan muke murɗa ta mu fita, kullum tana rataye a ƙusa. Yau da safe Alhaji Sani, abokin zamana, ya kama hanyar Kano ina barci, ya ja ƙofa ta rufe. Na tashi na kai hannu ƙusa, wayam!

Na zazzage jaka, na ɗaga katifa, babu. Na gwada cokali, ya lanƙwashe. Ga shi yau ake loda kayana a kasuwar Canaan, kuma banɗaki a waje yake!

Na kira mai gidan, wani tsoho ɗan China. Na ce, "Laoban," wato oga da yarensu, "ƙofa! Makulli!" Ya ce, "Meiyou, meiyou," wai babu, ya tafi ƙauyensu sai gobe. Na buga ƙofa har hannuna ya yi zafi, maƙwabta duk sun tafi kasuwa.

Sai na kira Alhaji Sani, yana filin jirgi. Na ce, "Alhaji, ina sukundireba?"

Ya ce, "Wallahi Malam Bashir, na ga tana da kyau ne, akwai fankar gida da zan gyara."

Na ce, "To ni ta ina zan fita?"

Ya ce, "Subhanallahi! Ka yi haƙuri, bayan Sallah zan dawo da ita."

Bayan Sallah fa! Don Allah wanda ke kusa ya zo da guduma, fitsari ya matse ni!