Jan Fenti a Gefen Batir

Shagona na cajin batir yana bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Aikina yana da tsari. Da farko in duba ruwan batir, sannan in ɗora shi a caji, sannan in gwada. Wanda ya ci gwaji sai in ɗiga masa jan fenti a gefe. Daga Kagoro har Fadan Kaje, duk wanda ya ga fentin nan ba ya ƙara tambaya.

A farkon shekarun casa'in wani abokina, wanda muka koyi aiki wurin maigida ɗaya, ya dawo daga Legas da kwalin ƙananan batura.

"Ɗan'uwa, ka huta da asid," in ji shi. "Na litiyam ne. Cikinsu busasshe ne kamar dutse."

Na ce sai na gwada.

"Kai da gwaji! Ko matarka sai da ka gwada tuwonta. To, bismilla."

Na gwada. Suka ɗauki caji, suka riƙe. Na ɗiga musu fenti, ya kwashe ya shiga kasuwa.

Wata mata daga Kagoro, mai noman citta, mijinta ya rasu, ta sayi ɗaya don rediyonta. Duk ranar kasuwa takan kawo in yi mata caji. Bayan an tono citta an shanya, wata rana ta ajiye shi a ɗakin da buhunanta suke, ta tafi coci. Kafin ta dawo ɗakin ya kama da wuta. Noman shekara ya tafi.

Ta zo ta ajiye ƙonannen batirin a kan teburina. Fentin yana nan a gefe.

"Mai caji," ta ce, "wannan alama na wanene?"

Na rufe shago, na sami abokin nawa wurin mai shayi, na gaya masa abin da ya faru. Bai ko ajiye kofi ba.

"Ai haka suke," ya ce. "Wanda ya ba ni ya yi mini bayani. Litiyam ɗin ƙarfe ne zalla. In batir yana aiki sai ƙarfen ya zaizaye, in an yi caji kuma ba ya komawa sumul. Tsiro yake yi kamar ƙaya. Ko bangon da ya raba cikin batir gida biyu mai tauri ne, ƙayar za ta sami tsaga ta bi. Ranar da ta taɓa ɗaya gefen, shi ke nan, sai wuta."

"Ka san haka?"

"Na sani. Amma ba a cajin farko take fitowa ba."

Nan na gane. Ya san tsarina daki-daki, tare muka koye shi. Ya san abin da gwajina yake kamawa da abin da ba ya kamawa. Fentina ya zo nema.

Na bi ƙauyuka a kan babur na karɓo sauran, na binne su a bayan gari. Wasu sun ba ni a hannu, wasu sun jefo mini ta kan danga.

Na ci gaba da caji shekaru. Gwangwanin fentin kuwa ya bushe a kan kanta. Babu wanda ya sake cewa in ɗiga masa.