Gidan da Ba a Sallama Ba

Ni ɗan dillali ne, jikan dillali. A gidanmu na Kano, tun ban iya ɗaure wando ba na san kalma ɗaya ce ke ƙulle ciniki. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja, a ja, har a zo inda mai kaya zai ce "na sallama." Daga nan shi ke nan, ko sarkin kasuwa bai isa ya dawo da maganar baya ba. Da wannan karatun na zo garin Greensboro na Amurka, na yi shekara da shekaru ina ɗaga kwalaye a wani sito da ke Wendover, ina jiran ranar da zan koma sana'ar gado.

Ranar ta zo a shekarun nan da garin ya haukace da sayen gidaje, kafin kasuwa ta karye. Kowa ka taɓa sai ya ce maka filifin: ka sayi gidan da banki ya ƙwace, ka shafa fenti, ka canja kafet, ka sayar da wuri ka ci riba. Na ce haba, wannan ai dillanci ne aka sa masa kwat! Na je wurin wani lauya na yi masa tambaya ɗaya: doka ta yarda? Ya ce ta yarda, muddin ban yi ƙarya a kan farashi ko lafiyar gidan ba. Ya gyara zama zai ƙara bayani, ni kuwa na riga na miƙe, don an ce mini a ofishinsa ko tari ka yi sai ka biya.

Gidan da na sa wa ido ɗan ƙarami ne na jan bulo, a wani lungu bayan High Point Road, ɗaki uku, ba bene. Daga cikin mota kawai na gan shi, don gidan gwanjo ba a shiga dubawa. Ranar gwanjon muka taru a bakin kotu da rana tsaka, mu 'yan kaɗan. Wani mutum ya karanta takarda da sauri kamar ana korarsa, aka fara tayi. Na ɗaga, wani ya ɗaga, na ƙara, kowa ya yi shiru. Mutumin ya nuna ni ya ce tayina ne na ƙarshe, ya rufe fayil. A kunnen ɗan dillali, wannan sallamawa ce, ba wani abu ba.

Ban ko koma gida ba na nufi masallaci, don na san wanda zan sayar wa. Yayan matata ne, mutumin Maraɗi, direban tasi. Yana zaune a gidan haya hawa na uku da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsu, wato surukata, wadda duk muke kira Mama. Gwiwoyin Mama sun gaji da bene, kuma Yaya ya daɗe yana neman gida na ƙasa dominta. Bayan la'asar, a gaban dattawa biyu, ya taya. Na ce albarka sau ɗaya don kada a ce ban san aikina ba, ya ɗan ƙara, na ce, "Yaya, na sallama." Aka shafa fatiha. Washegari ya kai wa masu gidan hayarsa notis cewa ƙarshen wata zai tashi.

Kwana kaɗan sai ga wayar lauya. Wai wani ya je kotu ya ɗora a kan tayina.

Na ce, "Ya ɗora a kan me? Ai an rufe!"

Ya ce a jihar nan gwanjo ba ya rufuwa a ranar da aka yi shi. Ana barin ƙofa a buɗe kwana goma, kowa na iya zuwa ya ƙara, kuma da zarar an ƙara sai a sake ƙirga wasu goman daga farko. Abin da ya so gaya mini ke nan ranar da na miƙe. Ya ce har yanzu ba ni da gida, tayi kawai nake da shi.

Wallahi sai da na ajiye wayar na zagaya mota. Wace irin ƙasa ce wannan, inda shiga cinikin wani, abin da a garinmu ake jin kunyarsa, shi ne aka rubuta a littafin doka har da ba shi ofis? Na koma kotu na ƙara. Mutumin ya ƙara. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, wani dogo mai gajeren wando da hular wasan golf, aka ce daga Irving Park yake, unguwar masu kuɗi. Har murmushi ya yi mini, ya riƙe mini ƙofa. Na so a ce ya zage ni, da na san abin da zan yi da shi.

Janyewa kuwa ba ta yiwuwa. Magana zarar bunu ce, kuma na yi ta a masallaci a gaban shaidu. Wata ya ƙare, aka ba wasu ɗakin Yaya, sai ga su da akwatuna da tukwane a ƙofar gidana mai ɗaki biyu, shi ma a saman bene. Yaya bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Malam, ka ce ka sallama. Muna jira." Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wanda bai san surukuta ba ba zai gane irin kurkukun da na shiga ba. Mama ce a falo, a kan tabarma, tun safe har yamma. Ba na cin abinci a gabanta, ba na miƙe ƙafa, ba na dariya da ƙarfi, ba na wucewa banɗaki sai na sunkuya na gaishe ta kamar yau muka fara haɗuwa. Ita ma ba ta kallon fuskata, in tana da magana sai ta aiko 'yarta. Yara suna ta tsalle a kanta, tana yi musu faɗa da Hausa suna amsa mata da Turanci. Matata takan zuba mini tuwo a roba in sauka in ci a cikin mota, injin a kashe, ina kallon bangon kantin kayan miya na maƙwabta. Takan ce, "Ranka ya daɗe mai gidaje, a kawo ruwa ofis?" Na ji haushinta ƙwarai.

A ƙarshe mai hular golf ya gaji, kwana goma suka cika ba wanda ya zo, aka ba ni takardar mallaka. Ribar da na yi mafarki ta riga ta narke a wurin ƙari, amma ban damu ba, ni dai in fita. Sai lauya ya sake kira. Rancen da Yaya ya nema don biyan kuɗin gidan irin wanda gwamnati ke tsaya wa ne, kuma ba sa tsayawa a kan gidan da mai sayarwa bai yi wata uku da mallakarsa ba. Na ce to ashe haramun ne sayarwar? Ya ce a'a, halal ne sarai, ni doka ba ta hana ni sayarwa ba, shi ne dai ba zai iya saye ba tukuna. Tabɗijam! Gaba kura, baya siyaki. Na ce to su shiga su zauna kafin lokacin ya cika. Ya ce wannan babu laifi, sai dai akwai mutum a ciki.

Na je da hantsi na ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa baƙar fata ta buɗe ƙofa iyakar tsawon sarƙar da ke riƙe da ita daga ciki, da tabarau a rataye a wuyanta. Na nuna mata takarda, na ce ni ne na sayi gidan. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ni ban sayar wa kowa ba." Ta rufe. Na tsaya a barandar ina huci, ina ce wa ƙofa ai ba ni na ci bashin banki ba, ni ma ina da tsohuwa a falo. Lauya ya nemo umarnin kotu. Kafin ranar da jami'ai za su zo, maƙwabta suka ce 'yarta ta zo da babbar mota ta kwashe ta. Ta bar kujerar roba ɗaya a baranda, da bokitai jere da ta shuka barkono da tumatir a ciki.

Na yi fenti, na canja kafet, na wanke ko'ina. Ranar tarewa na tashi da farin cikin da na manta irinsa. Ni na tuƙo Mama da kaina. Yaya da yara suka ruga ciki da kaya, ita kuwa ta tako a hankali, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama. Ta saurara. Ta sake yi. Yara suka amsa daga ciki suna dariya, ta ɗaga musu hannu su yi shiru, ta yi ta uku. Sannan idonta ya sauka a kan bokitan nan, tumatir ya nuna jawur ba wanda ya tsinka.

Ta ce wa matata, "Tambayi maigidanki, wa ya shuka wannan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Matar da ke ciki da, Mama."

"Ita ta sallama masa gidan?"

Na fara jero bayani: banki, gwanjo, kotu, lauya, komai bisa doka, ga hatimi ga sa hannu. Ta bar ni na gama tsaf. A karo na farko tun da na auri 'yarta, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido.

"Malam, kai ɗan dillali ne. Ta ce ta sallama?"

 

Ta juya ta kama hanyar mota tana dafa gwiwa. Yaya ya biyo ta yana roƙo, ta ce, "Ku shiga, ku doka ta ba ku. Ni na yi sallama sau uku, mai gidan ba ta amsa ba."

Bayan wata uku ciniki ya faɗa, Yaya ya zama mai gida, har yau yana ciki. Mama kuwa ba ta sake taka barandar nan ba. Gidana ta koma ran nan, ta hau benenmu tana hutawa a kowane mataki, ta shimfiɗa tabarmarta a inda take. Matata ta shiga kicin, ta zuba tuwo a roba ta miƙo mini, na ɗauki makullin mota na sauka.