Malam Abarshi, Mai Bin Ɗalibi Har Ruga

Da an idar da sallar asuba a unguwar Magajin Gari ta Birnin Gwari, Malam Abarshi zai koma zaurensa ya share, ya shimfiɗa tabarmi, ya jera alluna a jikin bango. Ya san sarai ba mai zuwa, domin 'yan Midil da 'yan sakandare suna can Zazzau sai an ba da hutu. Matarsa Furera ta rasu tun kafin babban yaƙi, Allah bai ba su haihuwa ba. Shi kaɗai yake shan kununsa, yana kallon ƙofa.

Tsohon malamin daji ne na En'e, kuma ba Di'o ba hakimi, babu wanda ya ɗora masa wannan aiki na koyar da yara. Lura ya yi yaranmu kan dawo hutu da damina, fartanya ta cinye hutun, karatu ya tsere. Wanda ya koma yana in'ina a kan takarda sai a sallamo shi gida. Shi ne ya buɗe zaure. Da la'asar, in an taso daga gona, kowa ya zo ya karanta da ƙarfi, ya yi shifta, ya rubuta insha'i. Ba ya duka, amma fa akwai tsiya. Sai ya ɗaga allonka ya ce, "Wannan kai ka rubuta, ko kaza ce ta bi ta kai?"

Mutanen garin Kuyello har yau suna ba da labarin Yero ɗan Bakoji makiyayi. Hedimasta ya gaya wa yaron in ya dawo hutu bai gyara karatu da rubutu ba, to ya naɗe tabarmarsa. Yero na son makarantar nan kamar ransa. Uban kuwa ko a jikinsa, ko da Malam Abarshi ya same shi da maganar.

"Malam, mu shanu muka gada," in ji Bakoji. "In sun koro shi, ai gida ya zo."

Ana haka ruga ta tashi ta nausa daji, har da Yero. Malam ya ɗauki sanda da laima ya bi sawun shanu, ƙudan tsando na cizo, rafuka sun cika. Ya iske yaron a bakin ruwa, ya buɗe masa littafi, sai labarin jirgin ruwa da teku, abin da Yero bai taɓa gani ba. Yaro ya kafe. Malam ya rufe littafin ya nuna garke.

"Waccan mai karyayyen ƙaho, wace ce?"

Nan fa baki ya buɗe: uwarta, halinta, ranar da kura ta kusa kayar da ita.

"To, rubuta mini haka."

Da sandar kiwo Yero ya rubuta a kan ɗanyen yashi, da Hausa tukuna, sannan da Turanci. Saniya bayan saniya suka bi garken nan har hutu ya ƙare. Yero ya koma ya ci jarrabawa. Yau akawu ne a Kaduna, kuma rabonsa da Birnin Gwari an daɗe, kamar sauran ɗaliban Malam.

Bana ido ya gaza, Malam ya ajiye aiki. Baƙonsa guda ne, kowace ranar kasuwa: Bakoji, da 'yar ƙwaryar nono. Ranar farko da ya zo, zama ya yi ya ce, "Kai ka raba ni da shi, Malam. Sai ka zauna da ni." Haka suke wuni, hirar tasu ba ta wuce Yero.

Malam Abarshi, kai ne mai koya wa yaro tafiya alhali ka san ba zai waiwayo ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Ku kuma da kuka yi karatu a zauren nan, hutu ya kusa, yara na nan tafe, zaure ba malami. Wani a cikinku ya zo ya karɓa. Wanda ba zai iya ba ya zo ko gaisuwa ce. In kun iso ku yi sallama da ƙarfi, ku faɗi sunanku, domin yanzu da murya yake gane mutane.