Abin da Muka Tsinta a Adakar Baba

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ɗanladi, wanda mutanen unguwar Zaitawa a Kano suka sani da abu biyu: kiran salla da iya girki. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, nakan yi masa sadaka in rubuta ɗan abin da na tuna. Bana kuwa na daɗe riƙe da alƙalami na kasa farawa, domin abin da na gano game da shi ya girgiza ni.

Damina ce ta tona zancen. Rufin ɗakinsa ya fara yoyo, sai ni da yayana Habibu muka fito da kayansa tsakar gida. A ƙasan adakarsa muka tarar da wani ɗan littafi da rubutun ajami, hannunsa ne babu tantama. Na ɗauka addu'o'i ne, na soma karantawa a fili:

"Fara ce tas, ba ta da zaƙi ko kaɗan. Tsaminta irin na lemon tsami ne. Tana barin gishiri-gishiri a bayan harshe, da ƙanshin dutse idan ruwan farko ya taɓa shi. A sha ta da sanyi. Abokan tafiyarta gasasshen kifi, da jatan lande, da farin cuku mai gishiri, da zaitun. Kada a haɗa ta da miya mai yawan barkono, faɗa za su yi."

Na ce, "Yaya, wannan kuma wane irin jiƙo ne?" Sai ya ɗora yatsa a saman shafin. An rubuta: farar giyar inabi ta ƙasar Girka.

Salati kawai na iya yi, na zauna daɓas a kan turmi. Mutumin da ya tashe mu sallar asuba tun muna ƙanana, shi ne yake siffanta giya har bayan harshe?

Washegari na tafi Ƙofar Kabuga wajen Alhaji Garba, amininsa tun na ƙuruciya, ina fatan ya ce mini kwafa Baba ya yi daga bakin wani. Ya daɗe yana juya littafin. Sannan ya ce, "'Yata, ba zan yi miki ƙarya da furfurata ba. Ya sha."

Ya ba ni labarin da ba a taɓa ba mu ba. Ashe kafin ya yi aure, Baba ya yi aikin kuku a gidan wani Bagirke mai sayen fata da gyaɗa. Da mutumin zai koma gida ya tafi da shi tsibirinsu, Baba ya shekara uku. A can iskar teku ba ta barin inabi ya miƙe, sai a naɗe kurangar a ƙasa kamar kwando. Baba ne ke gasa kifi, shi ne kuma ke zaɓar kwalbar da za ta bi kowane abinci. Ranar da ya dawo Kano ya bar giya, bai sake ko ambatonta ba. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A hanyar komawa gida abubuwa suka riƙa faɗo mini. Baba bai taɓa yarda a sha abu mai zaƙi da kifi a gidanmu ba. Yakan jiƙa tsamiya, ya matse lemon tsami, ya barbaɗa gishiri kaɗan, ya ajiye kwanon a gindin randa ya yi sanyi. Mu yara muna yamutsa fuska, muna cewa rowar sukari yake yi. Ashe abin da ya haramta wa kansa yake nema ta hanyar halal.

Ina tunanin abin da zai ce da ya ga jikokinsa suna kora tuwo da lemon kwalba. Na tabbata zai kama haɓa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne wannan zamani na waya, da ake tono jiyan mutum a watsa wa duniya kafin la'asar. Da yau ne, anya za a bar shi ya riƙe ladanci?

Yaya Habibu ya ce a ƙona littafin. Na roƙe shi ya karanta har ƙarshe tukuna. A shafin ƙarshe istigfari ne layi bayan layi, a ƙasansa kuma jimla ɗaya: "Na bar ta domin Allah, ba domin ba ta da daɗi ba."

Yaya ya karanta sau biyu. Ya ce a hankali, "Kowa ya tuba don wuya ba lada. Shi ba wuya ce ta sa shi ba." Ya sa littafin a aljihun gaban rigarsa, kuma da yardarsa nake wannan rubutu.

Da ina ganin Baba mutum ne da bai san saɓo ba. Yanzu na san ya san shi, har ɗanɗanonsa, ya juya masa baya har ya koma ga Mahaliccinsa. Wannan uban ya fi wancan girma a idona. Allah Ya karɓi tubarsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.